Shekara uku ina aika takardar wani da sunana

Ni haifaffen Sakkwato ne, cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu. Mahaifinmu baduku ne, da fatar jar akuya ya ciyar da mu, yana ɗinka jaka da takalmi da kube. Ya rasu ina aji biyu na babbar sakandare, sai riƙonmu ya koma hannun kawu, ƙanen Innarmu, wanda sana'arsa albasa ce. Yana saye daga manoman Wurno da Gada da Goronyo lokacin kaka, ya ajiye a rudu, wato ma'ajin albasa, in ta yi kuɗi ya loda mota zuwa Kudu. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, shi kuma ya biya na rajista da na samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda na karanta tattalin arzikin noma.

A shekarar 2013 malaman jami'a suka shiga yajin aiki tun daga watan Yuli har Disamba. Kawu ya ga ina kwana ina tashi a zaure, ya ce tunda na iya lissafi in zo kasuwa in riƙe masa littafi. Littafin makaranta ne mai bango ja, irin mai shafi tamanin. Na riƙe don kada a ce na ƙi, amma a raina ina ganin abin ƙasƙanci ne, ɗan jami'a guda a tsugune gefen buhuna yana ƙirga. In na hango abokin karatu ya shigo kasuwa sai in zagaya bayan mota.

Na gama a 2016, na yi bautar ƙasa a wata makarantar ƙauye a Jihar Neja da alawus na naira 19,800, na dawo gida a 2018. Inna ta karɓi takardun ta sa a leda, ta sa ledar a ƙarƙashin zannuwanta na cikin akwati. Ta ce yanzu sai aiki, sai aure.

Takardar neman aiki ta farko da na aika, ba ni na rubuta ta ba. Akwai wani shagon kwamfuta da muke zuwa, janareto na ƙara a bakin ƙofa, ɗakin kuma zafi kamar tanda. Ka ce wa yaron shagon kana son takardar neman aiki, ba ya tambayarka komai sai sunanka da sunan wurin. Zai buɗe wata tsohuwar takarda da ke cikin kwamfutarsa, ya goge sunan wanda ya riga ka, ya sa naka, ya buga, ka ba shi naira ɗari. Turancin cikinta manya-manya ne, wasu kalmomin ni kaina sai na duba ƙamus. Hakan ma shi ya sa na yarda da ita. Na ɗauka duk abin da ya yi wuyar karantawa zai burge manya. Na sa ya tura mini ita a waya, daga nan na huta da zuwa shagon. Duk tallar aiki da na gani, banki ne, makaranta ce, ƙungiyar agaji ce, kamfanin siminti ne, sai in sauya suna a sama in aika. Akwai daren da na aika goma sha ɗaya kafin in kwanta, har ina yaba wa kaina da ƙoƙari.

Shekara ta farko na yi ta da kyakkyawan zato. Ta biyu na fara ƙin zama majalisa, don tambayar nan ta "ya ake ciki, an dace?" ta fi mini zagi ciwo, ko da kuwa mai yin ta da alheri yake nufi. A cikin shekarar ne wani ya ce yana da hanya a wata ma'aikata, a kawo kuɗi. Inna ta sayar da tumakinta biyu. Har yau ban ga aikin ba, ban ga kuɗin ba, mutumin kuma in muka haɗu a wurin jana'iza gaisawa muke yi. Yarinyar da nake nema iyayenta sun yi mini haƙuri iya gwargwado, daga baya aka ba wani. Ban ga laifinsu ba. Ranar ɗaurin auren na tafi kasuwa tun asuba, na zauna ina ƙirga buhunan da na riga na ƙirga jiya.

Abin da ya fi ba ni kunya ya faru a farkon 2021. Wata ƙungiya mai aiki da manoma ta nemi jami'in kula da sito. Na aika takardata kamar kullum. Bayan kwana biyu aka kira ni, karo na farko da wani ya taɓa kira. Jikina na rawa na fita waje don in ji da kyau. Mace ce, ta gaishe ni cikin mutunci, sannan ta ce, "Malam, mun ga takardarka, amma a ciki ka ce kana son aiki da wani banki ne. Na kira ne kawai in faɗa maka, don kada ka ƙara aika ta haka." Na sauya sunan da ke sama, na manta da wanda ke tsakiyar shafi. Ban san wurare nawa na aika wa ita a haka ba. Na yi godiya, na kashe waya, na tsaya a jikin katangar gidanmu har aka kira la'asar. Ban gaya wa kowa ba sai bayan wata biyu.

Azumin shekarar ya kama a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce maki 40, kowa ya yi azahar sai ya nemi inuwa ya miƙe. Akwai wani dattijo a unguwarmu, abokin mahaifina, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati bayan ya daɗe a sashen kula da ma'aikata. Muna kiran sa Baba. Ba mai yawan magana ba ne, yara ma tsoronsa suke ji. Wata rana bayan tafsiri ya riƙe hannuna ya ce in biyo shi zaure. Ashe Inna ce ta kai masa kuka.

Ya ce in kawo takardar da nake aikawa. Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali, sannan ya yi abin da ban taɓa tunani ba, ya shiga fassara ta da Hausa da ƙarfi, layi bayan layi. "Ina roƙo cikin ƙasƙantar da kai da matuƙar girmamawa a ba ni kowane irin gurbi a wannan ma'aikata taku mai daraja. Ni matashi ne mai ƙwazo, mai gaskiya, mai riƙon amana, mai iya aiki cikin matsi. In aka taimaka aka ɗauke ni, na yi alkawarin ba zan ba ku kunya ba." Da Turanci tana da kwarjini. Da na ji ta da Hausa sai na ji kamar almajiri a ƙofar gida yana jiran ɗan ragowa.

Sai ya ɗora babban yatsansa a kan sunana da ke ƙasa, ya rufe shi, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa yar rubuta wagga takarda?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "A'a. Samarin da ag ga bakin masallacin can, wane na ba shi iya sa hannu nan? Mai digirin likitan dabbobi shina iyawa, mai kabu-kabu shina iyawa. Wagga bara ta, ɗana. Shekara da shekaru ina karanta irinta, ko layi biyu ba ni kaiwa nika aje ta."

Sannan ya tambaye ni, "Mi kaka yi tun sahe har dare?" Na ce ba na aikin komai. Ya ce to wa yake gani kullum da littafi a hammata yana bin kawunsa? Na ce ai wannan ba aiki ba ne, taimako ne kawai. Ya yi tsaki, ya ce gobe in zo masa da littafin.

Ba ɗaya na kai ba, bakwai ne, don tun 2013 nake cika su, duk sun yi warin albasa. Baba ya baje su a kan tabarma yana buɗewa yana tambaya. Wannan layin na mene ne? Na ce buhunan da suka shiga rudu ne, da ranar shigarsu da sunan manomi. Wannan fa? Na ce waɗanda suka ruɓe ne, don albasa in ta sha zafi da laima a ajiye raguwa take yi, shi ya sa na ɓullo da a riƙa juya ta ana tsince masu laushi duk mako, kuma wadda ta fara shiga ita za ta fara fita. Ya tambayi ko asarar ta ragu. Na buɗe masa shekara biyu a jere na nuna masa. Ya tambayi shafin da na cika da jan biro. Na ce wannan na Fabrairun da ya wuce ne, lokacin rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, da 'yan kasuwar abinci suka dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Muna da kaya a ɗaure, sai na nemo masu saye a nan gida da wasu ta wajen Illela, muka rage asara. Ina magana ina mamakin bakina, don ban taɓa jera wa kowa wannan ba, ni kaina ban taɓa jera wa kaina ba.

Da na gama ya ce, "To duk wanga ina shike cikin takardarka?"

A nan ne muka yi gardama, irin wadda yaro ke iya yi da babba, kai a ƙasa. Na ce Baba, mu an tashe mu a kan yabon kai jahilci ne. Inna in ta ji ka ce "ni na yi" sai ta harare ka. Ta yaya zan cika takarda da na yi kaza na yi kaza? Amsar da ya ba ni ita ce abin da ya fi zama mini a rai cikin duk zaman da muka yi. Ya ce takardar da nake aikawa ita ce yabon kai, don na kira kaina mai gaskiya, mai amana, mai ƙwazo, ba tare da shaida ko ɗaya ba. Amma in na rubuta cewa shekara bakwai kuɗin cinikin kawuna suna bi ta hannuna, ga lambarsa a tambaye shi, ban yabi kaina ba, labari na bayar, su masu karatu su yanke hukunci. Ya ce kawunka in mai saye ya zo, rantsuwa yake yi cewa albasarsa ta fi ta kowa, ko kwance bakin buhu yake yi? Ba mai yarda da cinikin biri a sama.

Kwana tara muka yi a kan takarda ɗaya. Wani kamfani mai sayen amfanin gona ne ya nemi ma'aikacin sito. Baba ya sa na kwafe tallar da hannu, ya ba ni biro ya ce in ja layi a ƙarƙashin abin da suke nema da gaske, ban da surutun da ke kewaye. Abu uku suka fito: wanda ya iya ajiye lissafin kaya, wanda zai iya hulɗa da manoma da Hausa, da wanda ya iya kwamfuta. Ya ce to takardarka amsar waɗannan ukun ce, duk abin da bai amsa ɗaya daga ciki ba, CV, wato takardar tarihin karatu da aiki, ta riga ta ɗauke shi, kada ka maimaita. Ya hana ni rubuta "kowane irin gurbi". Ya ce mai neman kowane aiki ya gaya musu ke nan bai san wanda ya iya ba. Sunan aikin ya fito a kan takarda tun daga take, layin farko kuma ya faɗi inda na ga tallar. Ya aike ni in binciko wa ake rubuta wa, muƙaminsa mene ne, namiji ne ko mace, don ya sha ganin an gaishe da shugaba mace da gaisuwar maza, kuma ba ta mantawa.

Rubutuna na farko shafi biyu da rabi ne. Ya karɓa ya soke tarihin makarantar firamare, ya soke maraicina, ya soke inda na ce ni ke riƙe da uwa da ƙanne. Wannan ya yi mini zafi, don a ganina shi ne zai sa a tausaya. Ya ce kowa da ke cikin tarin nan yana da uwa, kuma kamfani ba gidan zakka ba ne. Ya soke duk kalmar da na kasa faɗa masa ma'anarta nan take. Abin da ya rage sakin layi huɗu ne a shafi ɗaya. Na tsakiyar, in na mayar da shi Hausa, cewa yake yi: tun 2013 nake riƙe da lissafin shiga da fitar kaya na wani ɗan kasuwar albasa a Sakkwato, da biyan manoma da direbobi, na tsara yadda ake juya kaya a ma'aji har ruɓewa ta ragu, kuma littattafan suna nan in ana son gani. A kan kwamfuta kuwa na so in ce na ƙware. Baba ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce da sauƙi-sauƙi. Ya ce rubuta iya abin da ka iya.

Abin da ya shafi intanet ba fanninsa ba ne, wannan jikarsa ce ta gyara mini. Ta ga adireshin imel ɗina, wanda na buɗe tun ina sakandare da wani laƙabi na ƙuruciya, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa na buɗe sabo da sunana na gaskiya. Ta nuna mini yadda ake mayar da takarda PDF don kada ta wargaje a wayar wani, da sa wa fayil sunana da sunan aikin, da cika gurbin take na imel yadda tallar ta ce a cika. Ni da nake aika saƙo babu take babu gaisuwa, fayil kawai, kamar wanda ya jefa dutse cikin gida.

Kada wani ya ɗauka daga nan sai ƙofa ta buɗe. Wannan kamfanin bai amsa ba. Na biyu ma shiru. Na uku suka kira ni intabiyu, aka zaunar da ni gaban kwamfuta aka ce in tara wasu alkaluma a manhajar lissafi ta Excel, na yi ta zufa har lokaci ya ƙare. Na fito na je na biya kuɗin koyo na wata biyu, na kwashe littafin kawu na shekarar na zuba a ciki don gwaji. Kuma har gobe ina nan a kan cewa akwai guraben da an riga an raba su kafin a buga talla, waɗannan ko da ruwan zinariya ka rubuta takarda ba za ta yi komai ba. Abin da na gane shi ne ba duka ne haka ba, ni kuma na shekara uku ina fakewa da "sai kana da wani" alhali ko a inda ake karantawa ban ba su abin karantawa ba. A da ina aika goma a dare ɗaya. Bayan zaman zauren nan, cikin wata bakwai takarda shida kacal na aika, uku suka kira ni.

Ta shidan ce ta kama, a ƙarshen 2021. A intabiyun ba wanda ya tambaye ni darajar digirina. Wani mai furfura a cikinsu ya riƙe takardata ya ce, "Kai ne na albasa?" Muka yi minti ashirin a kan ruɓewa da laima da yadda ake jera buhu a bar wa iska hanya. Na je da littafi ɗaya a jaka, na fito da shi, suka riƙa miƙa wa juna. Daga baya suka kira kawu don jin shaida. Na riga na gaya masa za a kira, amma da ya ji baƙuwar murya na tambayar albasa sai ya ɗauka masu saye ne, ya fara da faɗin farashin buhu. Har yanzu ana tsokanata da wannan a ofis.

Albashin farko na saya wa Inna tunkiya ɗaya, ta biyun sai a wata na uku. Na kai wa Baba shadda da turare, ya karɓi turaren ya mayar da shaddar, ya ce in ɗinka in riƙa zuwa aiki da ita. Ya rasu a damina ta gaba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bana aka nemi ƙarin mutum biyu a sashenmu, aka ce in zauna cikin masu tace takardu. A lokacin na san abin da Baba ya sha. Kwana biyu muna karatu, kafin azahar idona ya fara yaji. Yanzu an daina zuwa wurin yaron shago, manhajar waya ake sa wa ta rubuta, Turancin ya fi na zamaninmu santsi, babu kuskure ko ɗaya, amma in ka karanta biyar ka karanta ɗari. Kowa mai kishin aiki ne, kowa yana ɗokin ba da gudummawa. Uku daga ciki ma sun bar gurbin da manhajar ta ce a sa sunan kamfani, ba su cike ba. Na nemi lambar ɗaya na kira shi na faɗa masa, kamar yadda aka taɓa yi mini.

Can wajen la'asar ta rana ta biyu na ci karo da ta wata yarinya da ta gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Turancinta da 'yan tuntuɓe. Ta rubuta cewa shekara huɗu ita ke riƙe da littafin adashin matan unguwarsu, mutum talatin da biyu, ita ke karɓa ita ke rubutawa, kuma sau ɗaya aka taɓa samun saɓani, littafin ne ya raba gardamar. Na ajiye ta a ɓangaren dama. Abokin aikina ya ɗauka ya duba, ya nuna mini kurakurai biyu a sakin layi na farko, ya ce a mayar da ita hagu. Muka ja, har sai da aka kai wa shugabar sashe. Ta karanta a tsaye, ta ce a sa ta cikin waɗanda za a kira ranar Litinin, kuma a gaya mata ta zo da littafin.